Hannu a Cikin Turmi

An raina sakwara a garin nan, kuma iyayenku ne suka fara raina ta. Duk yarinyar da lakwal, wato makarantar boko, ta kora, ko ɗinki ya gagare ta, sai a jawo hannunta a kawo mini rumfa, a ce, “Tanti Saratu, ga ta nan, ko daka ne ta koya.” Ko daka ne. Kamar ƙanzon da ake kankarowa a ƙasan tukunya. Ku kuma kun zo da wannan rainin a kanku, kuna ganin in dai mace na da damtse to ta gama iya sana'ata.

Makon jiya ɗaya daga cikinku, ta san kanta, ta ɗaga taɓarya waya na maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, alhali hannun mutum na cikin turmi. Na fizge taɓaryar na ce ta tafi gida. Kuka wuni kuna gunaguni wai Tanti ta cika zafin rai. To ga dalilina a rubuce, tunda in na faɗa da baki cewa kuke tsawa nake yi. Rubutun a karkace yake, haka za ku karanta shi. Sai da na wuce arba'in na riƙe alƙalami, a ajin yaƙi da jahilci na majami'armu, ga kuma yatsu biyu na hannun daman nan da ba sa lanƙwashewa. Za mu zo kansu.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan wankin turmi ne. Gwaggo Talatu, ƙanwar babana, ita ta koya mini. Ta yi aure a ƙetaren kogi, a Malanbil, a wurin dangin mijinta ta koyi sakwara. Da ya rasu ta dawo Gaya ta kafa rumfa kusa da inda manyan motoci ke tsayawa jiran takardun duwan, wato kwastan. Ni kuwa daga ƙauyenmu na wajen Zabori aka aiko ni, ban san komai ba sai gero. Na ɗauka wadda ta iya surfe da daka ta iya komai. Gwaggo ta dube ni ta ce, “Gero in kin buge shi tsalle yake yi. Doya riƙe ki take yi. Je ki wanke turmi.”

Turmin kirya ne, mai faɗin baki, ɗaukarsa sai mutum biyu. Ba a taɓa sa masa tattasai ko daddawa, don itace ba ya mantuwa, duk abin da ya sha sai ya mayar wa doya. Da safe a zuba masa tafasasshen ruwa ya ɗau ɗumi kafin doya ta shiga. In an tashi aiki a kankare shi da sakaina, a wanke, a kife. Gwaggo na zuwa ta cusa kanta a ciki ta shinshina. In ta ji tsami, ranar ba ni da nama.

Daga nan sai sayen doya. Tana tafe ina biye da kwando, mu ƙetare gada tun da sanyin safiya. Sabuwar doya ruwa ce zalla, kyau a ido, a turmi kuwa ba ta danƙo. Wadda ta kwana biyu a ajiye ita ce ta aiki. Ki ɗaga ta ki ji nauyinta, ki karce ta da farce ki ga farinta, ki duba kai da gindi ko ƙwaro ya shiga. Masu sayarwa sun iya ɗora kyawawa a sama su ɓoye masu ciwo a ƙasa, Gwaggo kuwa daga ƙasa take fara zarowa, tana yi tana zaginsu da yarensu, suna dariya suna ce mata uwar miji. Feraya ma da iyawa: ki yi kauri kin zubar da abinci, ki yi sama-sama ɗaci ya biyo ki. Ba a sa gishiri a ruwan dahuwa. Kuma daga tukunya sai turmi, tana tururi. Doyar da ta huce gudaji take yi, direban da ya ci karo da gudaji a malmalarki kuwa sai ya kai labarinki har Dosso.

Yanzu ku buɗe kunne, ga inda sana'ar take. Kirɓin sakwara aikin mutum biyu ne. Ɗaya a tsaye da taɓarya, ɗaya a zaune kan kujera ƴar tsugunne, ƙwaryar ruwa a gefenta. Taɓarya na tashi sama, mai juyi ta jiƙa hannu ta zura cikin turmi, ta naɗo doyar daga gefe zuwa tsakiya, ta tsince zare ko ƙullutu, ta janye. Taɓarya ta sauka. Tsakanin tashinta da saukarta bai kai numfashi guda ba, kuma a ɗan wannan tsakanin hannun ƴar'uwarki yake rayuwa. Gwaggo ba ta ba ni taɓarya ba sai da na daɗe ina juyi, na san yadda iskarta ke wucewa ta bayan yatsu. Ta ce wadda ba ta taɓa jin wannan tsoron ba, ba ta isa ta tsaya a kan wata ba. Ranar da ta miƙo mini ita, ta zauna da kanta ta sa nata hannun, ta ce, “Daga yanzu ba ki da ido, ba ki da kunne. Na hannun nan ne. Ko rumfa ta kama wuta, sai kin ga na janye kafin ki waiwaya.”

Bayan rasuwar Gwaggo rumfar ta dawo hannuna, da masu cinta. Direbobin kamyo ne yawanci, manyan motocin kayan nan, da yaran motarsu, da masu dako. Mutumin da ya yi kwana da kwanaki yana jiran takarda ba ya zuwa da fara'a. Ki san mai son miyar gyaɗa, ki san mai son kuɓewa, ki san wanda in kin sa masa cukun wagashi maimakon nama zai ce kin raina shi. Akwai Alhaji Mamman, direban kamyon albasa, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya ci a hannun Gwaggo ya ci a nawa. Bai taɓa zama bai tsokane ni ba.

“Tanti, naman nan yankan wa ne?”

“Yankan mahaucin da kuke sahu ɗaya a masallaci, Alhaji. In da magana, ka tare shi bayan la'asar.”

“To ƙaro tsoka ɗaya in tabbatar.”

Haka muke. Ya san ranar Lahadi ba na hura wuta, na san a watan azumi sai da yamma zan gan shi.

Rahila kun san ta, kuna ce mata Inna, amma ba ku san ta a lokacin ba. Ita ta ce in rubuta sunanta, kada in ɓoye. Majami'armu ɗaya. Ta zo wurina bayan mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa a lakwal, doguwar mace mai faɗin kafaɗa, wadda in ta ja waƙa a zumuntar mata ana jin ta daga bakin titi. Ba ta roƙo, ba ta gudu don kowa. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa tafa mata hannu daga cikin mota don ta kawo masa abinci, ta ce masa wadda yake tafa wa tana gidansa. Ita ke kirɓi, ni ke juyi, shekara da shekaru. Na kai ina juyi ina ciniki da mutum, ban ko dubi turmi ba. Taɓaryarta da hannuna sun zama harshe da haƙori, kun kuwa san abin da ake faɗa a kan waɗannan biyun.

Sai na gaya muku wani abu game da mu Kiristan Gaya, don masu salla a cikinku ba za su sani ba. Ba mu da yawa, kuma dutsen da ake jifanmu da shi ɗaya ne, giya. A ce Kirista, sai a ce mashayi. Saboda haka iyayenmu mata suka koya mana aiki da hanci. Miji ya dawo, ki tarbe shi a bakin ƙofa ki karɓi jakarsa, kina karɓa kina jan numfashi. Ɗa ya tuɓe riga, ki shinshina kafin wanki. In za a ba mutum wani aiki a ikilisiya, tsofaffin mata kan gaishe shi kusa-kusa, su daɗe suna tambayar iyali. Burukutun ƙetare ba ya ɓuya, ko mutum ya tauna citta da goro. Wanda ya wuce hanci, ya wuce. Muka zauna a kan wannan, muna ganin mun tsare ƙofa.

Sai shekarar da aka rufe gada ta zo. Ban san harkar manya ba, abin da na sani shi ne mun wayi gari hanya ta mutu. Motoci suka yi layi a wancan gefen, na wannan gefen suka tsaya har ciyawa ta fito a ƙarƙashin tayoyinsu. Doya ta koma zuwa ta kwale-kwale, a jiƙe, a ƙuje, rabi ruɓaɓɓiya, ga tsada. Matan da ke taya mu feraya da wanke-wanke na sallame su, muka rage ni da Rahila. Abin da rumfar ke kawowa bai isa bakin ƴaƴanta ba, sai ta shiga zuwa bakin kogi in mun tashi da azahar, tana sauke kaya daga kwale-kwale a ka, cikin maza, har faɗuwar rana. Da safe ta zo kafaɗu sun sandare, sai na gasa mata su da ruwan zafi kafin ta iya ɗaga taɓarya.

Rannan ta zo ba ta nemi gashi ba. Ta kirɓe tukunya guda ba ta tsaya share gumi ba, ta ce a kawo ta biyu. Gobe haka, jibi haka. Ta daina cin abinci, malmalar da nake ajiye mata sai ta ƙulle a leda ta ce ta yara ce. Wani lokaci surutu kamar rediyo, wani lokaci ta yi shiru ido rabi a rufe tana sosa hanci. Ni kuwa me na ce? Na ce Ubangiji ya dubi gwauruwa. A taron zumunta har tashi na yi na ba da shaida, aka yi waƙar godiya saboda ƙarfin da aka ba Rahila. Tana zaune a cikinmu kai a sunkuye, muka ce tawali'u ne.

A lokacin ne wani mai tallan magani ya fara bi ta gaban rumfa. Keke gare shi, da kwali a baya cike da ƙwayoyi iri-iri, da ƙahon roba da yake matsawa, fam-fam. Kowa na saye a wurinsa, na ciwon kai, na zazzaɓi, ni ma na sha saya. Da hantsi yake wucewa. Rahila takan ce, “Yaya, bari in karɓo na ciwon kai,” ta jingine taɓarya ta je ta dawo.

Motar Alhaji Mamman na cikin waɗanda suka maƙale a wannan gefen, kullum yana rumfa ko ba zai ci ba. Shi ya kira ni gefe.

“Tanti, taɓaryar nan ta fi injin motata gudu.”

“Sai ka ce ma sha Allah, Alhaji.”

“Na faɗa. Amma na yi yaran mota da yawa, na san wannan gudun. Tiramol ne. Akwai waɗanda na raka maƙabarta, ɗaya kuma yana nan yana yawo a tasha ba riga. Ki cire hannunki daga turmin nan.”

Raina ya ɓaci. Na ce ga shi nan, an fara, Kirista ba ta isa ta yi ƙarfi ba sai an ce ta sha wani abu. Na koma na matso Rahila kamar zan gyara mata ɗankwali, na ja numfashi sosai. Hayaƙi, sabulu, gumi. Na dawo na ce, “Alhaji, bakinta ya fi naka tsabta, kai mai goro.” Bai yi fushi ba. Ya ce, “Wannan ba ya wari, Tanti.” Ban saurare shi ba. Hanci ya gama shari'a.

Ranar da na fara shakka ita ce ranar da mai ƙaho bai zo ba. An ce jandarmomi sun kore su daga bakin hanya. Hantsi na yi Rahila ta fara hamma, hawaye na zuba, majina na zuba, tana rawar sanyi a gaban murhu. Ta yi ta leƙen titi. Can ta ajiye taɓarya a tsakiyar kirɓi, doya na tururi, ta ce tana zuwa. Tukunya guda ta huce ta lalace. Da ta dawo idonta ya washe, na tare ta.

“Me kike sha?”

“Maganin gajiya ne, Yaya.”

“Sunansa.”

“Magani dai. Magani zunubi ne? Kin taɓa jin warin wani abu a bakina?”

“Doya ta huce saboda shi.”

“In na ga dama gobe na bar shi. Ki bari a buɗe gada kawai.”

Na yarda. Ba ni da wata mai kirɓi.

Ranar kasuwa ce abin ya faru. Mutanen kwale-kwale sun cika rumfa, tukunya ta ƙarshe na cikin turmi, ta fara danƙo, lokacin da juyi ya fi sauri ke nan. Mai ƙaho ya makara, tun ɗazu gumi ke keto wa Rahila. Na jiƙa hannu na zura. Sai fam-fam daga bakin titi. Ban ga fuskarta ba, mai juyi ƙafafu take gani. Na ga yatsun ƙafarta sun juya wajen titi. Taɓarya ta sauka.

Ban ji zafi nan take ba. Ƙara na ji, irin ta busasshen kara in an taka. Na zaro hannun, farar sakwara ta yi ja. Rahila ta yar da taɓarya ta durƙusa tana cewa, “Yaya, Yaya, na kashe ki.” Ta cire ɗankwalinta tana naɗe mini hannu, kukanta na gaskiya ne, na san kukan ƙarya. Sai ƙahon ya sake kira, ya yi nisa, yana shirin shan kwana. Ta tsaya cak. Ta dube ni, ta dubi titi. Ta ce, “Ina zuwa, Yaya.” Ta tashi da gudu, kai ba ɗankwali, macen da ba ta taɓa gudu don kowa ba.

Taɓaryar na yafe tun a wurin. Gudun nan ne ya tsaya mini a wuya.

Alhaji Mamman ne ya tare kabu-kabu ya kai ni gidan likita. Bai ce ai na gaya miki ba, wannan kuwa na riƙe masa har gobe. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce ƙasusuwan yatsu biyu sun farfashe, za su haɗe amma ba za su koma daidai ba. Da ya ji yadda aka yi, ya ce ana kawo masa irinta, wasu a sanƙare kamar masu farfaɗiya. Ya ce abin ba ya barin mutum da tsawa, kuma wadda ta daɗe a kai in ta yanke rana ɗaya jiki na iya tayar mata, sai an bi a hankali ana ragewa ana dubawa. Ya ce, “In za ta zo, ki kawo ta. Amma ba sa zuwa da ƙafarsu.”

Na kwana biyu a gida, hannu a rataye, rumfa a rufe. Mace irina ba ta iya zama, sai na jawo Maganar Allah ina bi da yatsan hagu, kalma-kalma, yadda aka koya mana. Na faɗa kan labarin mutanen nan da aka fitar daga bauta a Masar, suna tsakiyar daji suka fara kukan tukwanen nama da albasar gidan bauta, har suna neman komawa. Na sha jin labarin a bakin fasto, kullum cewa nake waɗannan ba su da kunya, an kwance muku sarƙa kuna kukan miya. Wannan karon na kasa zaginsu. Yatsun ƙafar Rahila nake gani.

Kakata takan ba mu labarin bayin zamanin da. Ta ce yawancinsu ba igiya a ƙafarsu, suna zuwa kasuwa, suna aure, suna dariya. Abu ɗaya ne, in ubangidansu ya yi kira ba su da ikon cewa dakata. Ko ɗansu na kan cinya ba lafiya, sai su ajiye shi su tashi. Rahila ba ta daina ƙaunata ba. Idonta da kunnenta ne suka zama na wani, wanda ya saye su da ƴar ƙwayar da ba ta kai wake ba. Mu kuma muna bakin ƙofa da hancinmu muna jiran burukutu, aka shigo ta taga aka ɗauke mana mutum, har da waƙar godiya.

Abin da na gaskata shi ne Yesu Almasihu ya zo ne don fansar bayi. Kuma bai tsaya daga nesa ya aiko musu da saƙo cewa su kwance kansu su zo ba. Inda suke ya je. Ban yi karatun fasto ba, amma wannan na gane shi.

Wata la'asar matan zumunta suka zo duba ni, da Mama matar fasto, da Kaka Ladi wadda ta fi kowa tsufa da kaifin hanci a ikilisiyarmu. Aka yi sannu, aka yi waƙa, sai aka shiga maganar da ta kawo su.

Kaka Ladi ta ce, “Saratu, an gama magana. Za a sa ta ƙarƙashin horo, a cire ta daga waƙa. Ke kuma ki nemi wata mai kirɓi. Ta ja mana abin faɗa a gari.”

“Ina take yanzu, Kaka?”

“Tana ɗakinta. Ko bakin kogi ba ta zuwa. Yaran a maƙwabta suke ci.”

Wata ta ce, “Tana fita mana. Mai keken nan yanzu ta ƙofarta yake bi da hantsi. An ce har tukwanenta ta fara ba shi.”

Na ce, “Shi ya san ƙofarta ke nan. A cikinku wa ta je?”

Kaka Ladi ta ce, “Wa zai shiga gidan ƴar ƙwaya a gan shi?”

“Kaka, ranar da muka yi mata waƙar godiya ke kika ja baiti. Ni na ba da shaida. In horo ne a haɗa da mu, da hancinmu.”

“Ji bakinta. Hannun bai ishe ki ba, sai ta fasa miki kai?”

Mama ta sa baki, ita mai sanyin hali ce. “Saratu, ba wanda ya ce a yar da ita. Za mu yi ta yi mata addu'a.”

“Mu yi, Mama. A nan za mu yi, ko can?”

Suka ajiye mini lemu da sabulu suka tafi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya yi daɗi ba. An yi watanni ana fama. Ta yi amai a ɗakina, ta yi mini zagin da ban san ta iya ba, ta gudu ta koma, aka sake farawa. Mama ta shigo daga baya, Kaka Ladi ma ta zo da kunu tana ƙunƙuni. Har yau in kun tambayi Rahila ko ta warke, cewa take, “Yau dai ban sha ba, da ikon Ubangiji.” Kafaɗunta sun gama kirɓi, yatsuna sun gama juyi, shi ya sa ni nake kan miya, ita take zaune a gindin turmi. Hannun da ke ciki ranar da waccan ta ɗaga taɓarya da waya a kunne, nata ne. Masu ƙaho kuma ba su ƙare ba, wasu ma a kan moto, wato babur, suke yanzu. Ku lura da ita in ɗaya ya wuce, za ku ga wuyanta ya motsa kafin ta danne shi. Ni ina gani kullum, shi ya sa ba na zama. Ina kuma jin wasunku na cewa bari su karɓo na ciwon kai.

Amma duk wannan daga baya ne. A lokacin ban ma san ko za ta bar ni in shiga ba. Washegarin zuwan matan na tashi da sassafe na biya ta rumfa. Alhaji Mamman na zaune a inda ya saba. Na ce ya samo wani su fito mini da turmi su kife shi a bakin hanya inda kowa zai gani, kada wani ya zauna jira.

Ya ce, “Har yaushe, Tanti?”

Na ce, “Sai mai kirɓina ta dawo.”

Daga nan na saƙala tabarma a hammata na nufi gidan Rahila. Na same ta kwance a ƙasa, ɗakin ba tukunya ko ɗaya. Da ta ga ɗaurin hannuna ta juya fuska bango.

“Yaya, ki tafi. Ba ni da abin ce miki.”

“Ban zo jin magana ba. Tashi ki wanke fuska, majo na jiranmu.”

“Ba zan iya ba. Ba ki san yadda yake ba.”

“Ban sani ba. Shi ya sa na zo da tabarma.”

Na shimfiɗa ta a bakin ɗakin, na zauna na cika ƙofar, kun san ni ba ƙaramar mace ba ce. Na kama addu'a da ƙarfi, ba mai tsari ba, yadda ta zo mini. Rana ta ɗaga. Can sai fam-fam a bakin lungu. Na ji ta miƙe a bayana, numfashinta har kan wuyana. Na ɗaga hannun da ta fasa na dafa gefen ƙofa da shi, na tare hanya.

Na ce, “Ga shi nan. In za ki je wurinsa, sai kin sake bi ta kansa.”

Ƙahon ya sake kira. Ban janye ba.